Minti nawa na motsa jiki ne ya wadatar a mako?

Mai Aikin Zama:

Assalamu alaikum. Don Allah masana harkar lafiya da ke cikinmu, ina neman ƙarin haske. Shekaruna 45, aikina na zama ne, tun safe har yamma ina kan kujera. Da aka auna ni kwanan nan an ce jinina ya fara hawa, sukari ma yana bakin gaɓa, aka ce in kama motsa jiki. To sai dai duk wanda na tambaya da irin amsar da zai ba ni. Wannan ya ce minti 30 kullum, wancan ya ce in ba awa guda ba ɓata lokaci ne, wayata kuma ta kafe sai na cika taku 10,000. Ni kuwa ranakun aiki da ƙyar nake samun sarari. Shin minti nawa ne a mako mutum zai yi ya tabbata jikinsa yana ƙaruwa? In na tara shi duka na yi Asabar da Lahadi, ya isa? Kuma zai sauke min tumbi?

Dakta:

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ma'aunin da aka fi aiki da shi shi ne na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ta sabunta a 2020. Ɗan shekara 18 zuwa 64 ana so ya yi minti 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki matsakaici, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani, sannan ya ware aƙalla kwana biyu a mako don ƙarfafa tsoka. Minti ɗaya na mai tsanani yana tsayawa a madadin minti biyu na matsakaici, don haka ana iya gauraya su. Wanda ya yi sassarfa ta minti 25 sau biyu ya samu 50, a ninka ya zama 100, saura masa tafiya mai sauri ta minti 50 ya cika. Minti 30 ɗin da aka gaya maka ma daga nan ya fito, 150 ne aka raba wa kwana biyar.

Sai dai kada ka ɗauka wanda bai cika 150 ba ya tashi a tutar babu. Mafi yawan ribar tana can a farko, lokacin da mutum ya tashi daga rashin yin komai ya fara yin kaɗan. A Taiwan an bi diddigin mutum sama da 416,000, aka buga sakamakon a mujallar Lancet a 2011. Masu yin kimanin minti 90 kacal a mako, wato kusan minti 15 a rana, haɗarin mutuwarsu a shekarun da aka bibiye su ya yi ƙasa da na marasa motsi da kashi 14 cikin ɗari. A 2015 kuma aka haɗa bayanan mutum sama da 660,000 daga Amurka da Turai. Waɗanda suke motsawa amma ba su kai ma'aunin ba, haɗarinsu ya ragu da kashi 20. Waɗanda suka cika shi har zuwa ninki biyu, kashi 31. Ninki biyu zuwa uku, kashi 37. Ninki uku zuwa biyar, kashi 39, daga nan ƙarin ya tsaya. Dubi tazarar da kyau: daga sifili zuwa 20 da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, amma daga 37 zuwa 39 sai an ƙara awanni. Mai cewa in ba awa guda ba ɓata lokaci ne, wannan lissafin bai goyi bayansa ba.

Irin waɗannan binciken bibiyar mutane kawai suke yi, kuma mai lafiya dama ya fi marar lafiya motsi, saboda haka mai yiwuwa alƙaluman sun ɗan zarce gaskiya. Amma a kan sukari akwai gwaji na gaske wanda ya dace da halinka. A Amurka an ɗauki mutum sama da 3,000 masu sukari a bakin gaɓa aka raba su rukuni-rukuni. Waɗanda aka ɗora a kan minti 150 a mako tare da burin rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu, kamuwarsu da ciwon sukari ta ragu da kashi 58, alhali waɗanda aka ba ƙwayar metformin, wato maganin ciwon sukari, kashi 31 suka samu. A 2002 aka fitar da wannan.

Inda mutane suka fi yin asara shi ne wajen gane abin da ake nufi da matsakaici. Tafiyar rangwaɗa ana duba waya ba ta shiga lissafi. Ga yadda za ka gane. In kana tafiya numfashinka ya ƙaru, kana iya magana amma ba za ka iya rera waƙa ba, kana kan matsakaici. In ba ka iya furta kalma huɗu ko biyar sai ka tsaya jan numfashi, ka shiga mai tsanani. In kana son ƙidaya, taku 100 a minti ɗaya shi ne matsakaici ga yawancin manya, wato taku 25 cikin daƙiƙa 15. Akwai kuma bugun zuciya: ka cire shekarunka daga 220, naka ya zama 175, matsakaici kuma kashi 64 zuwa 76 ne na wannan, wato bugu 112 zuwa 133 a minti. Ka ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ka ƙirga na daƙiƙa 15, ya kamata ka samu 28 zuwa 33. Lissafin 220 ɗin ƙiyasi ne, yana iya saɓa wa mutum da bugu goma ko fiye, shi ya sa gwajin magana ya fi shi amfani a aikace.

A da ana cewa sai motsin ya kai minti 10 a jere sannan a lissafa shi. An cire wannan sharaɗin, Amurka a 2018, Hukumar Lafiya ta Duniya a 2020. Minti uku na hawa bene da ƙafa yana shiga lissafi.

Batun Asabar da Lahadi kuwa, an bincika. A 2017 an duba mutum sama da 63,000 a Ingila da Sikotilan, aka ga masu cika ma'aunin a zama ɗaya ko biyu haɗarin mutuwarsu ya ragu da kusan kashi 30, bai yi nisa da na masu rarraba shi cikin mako ba. In abin da kake da shi ke nan, ka yi.

Malamar Jinya:

Dakta ya yi bayani mai gamsarwa, amma a kan tara shi ƙarshen mako ina da ja, saboda Malam ya ambaci jini da sukari. Abin da binciken nan ya auna mutuwa ce cikin shekaru masu yawa. Abin da yake damun Malam a yanzu shi ne lambar da na'urar awo za ta nuna ranar Laraba.

Idan tsoka ta yi aiki, tana zuƙe sukari daga jini, kuma jiki yana ƙara jin insulin, sinadarin da ke sauke sukarin jini. Wannan tasirin yana ɗaukar awa 24 zuwa 72 ne, sai ya dushe. Shi ya sa ƙungiyar masana ciwon sukari ta Amurka take cewa kada a wuce kwana biyu a jere ba a motsa ba. Jini ma haka: bayan motsa jiki yakan sauka ya zauna ƙasa na wasu awanni, wani lokaci har kusan kwana guda. Wanda ya yi Lahadi ya ajiye sai wata Asabar, kwana uku ko huɗu na makonsa babu wannan kariyar. Ba a tara ruwan mako guda a kwarara wa shuka rana ɗaya. In da hali Malam, ka ci gaba da dogon motsa jikin a ƙarshen mako, amma ka soka minti 10 zuwa 15 na tafiya mai sauri bayan cin abinci a ranakun Talata da Alhamis. Bayan abinci ne sukari yake tashi, lokacin ne tafiyar ta fi cin riba. Mai hawan jini da ya dage da wannan yakan ga lambar sama ta awon jininsa ta sauka da kimanin 5 zuwa 8, amma sai bayan makonni, ba a zaman farko ba.

Sai maganar magani, wadda ake yawan tsallakewa. Mai shan atenolol ko bisoprolol ko propranolol kada ya yi aiki da lissafin bugun zuciya, domin waɗannan ƙwayoyin aikinsu ke nan su riƙe bugun kada ya tashi. Zai yi ta ƙara wuta yana neman 120 bai samu ba har ya galabaita. Ya tsaya a gwajin magana. Mai allurar insulin ko mai shan maganin sukari irin glibenclamide da danginsa ya auna sukari kafin ya fita. In ya yi ƙasa da 90 mg/dL, wato 5 mmol/L, ya ci abu mai sukari kimanin giram 15 tukuna, ya kuma riƙe wani a aljihu. Rawar jiki, gumi mai sanyi, jiri da yunwa ta farat ɗaya alamun faɗuwar sukari ne. Mai shan metformin kaɗai ba kasafai yake gamuwa da wannan ba. Wanda ya auna jini yana zaune ya ga 180 bisa 110 ko sama, ranar ba ta motsa jiki ba ce, ta ganin likita ce.

Ka fara da minti biyar a hankali, ka kuma rufe da minti biyar a hankali. Na rufewar ya fi muhimmanci ga mai shan maganin jini. Lokacin tafiya jijiyoyin ƙafa a buɗe suke, tsokar ƙafa ce take matso jinin ya koma zuciya. In ka tsaya cak, jinin ya taru a ƙasa, ƙwaƙwalwa ta rasa rabonta, sai jiri, wani har faɗuwa.

In ka ji ƙirji ya ɗaure ko yana ciwo, musamman in ya miƙe zuwa hannun hagu ko muƙamuƙi, ko haki wanda ya fi ƙarfin abin da kake yi, ko zuciya tana bugu a hargitse, ko duhu ya gilma maka, ka tsaya nan take ka nemi asibiti. Kada ka ce bari in ƙarasa zagayen.

Mai Gashin Ƙashi:

Sannunku da ƙoƙari. Ni ɓangaren da kowa yake mantawa zan taɓa, wato kwana biyun nan na ƙarfafa tsoka, da kuma yadda ake hawa 150 ɗin ba tare da an ji ciwo ba.

Daga shekara 30 tsoka takan fara zaizayewa, kimanin kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari duk shekara goma, bayan 60 kuma abin ya ƙara sauri. Tafiya ba ta tsayar da wannan sosai, musamman a hannu da baya. Tsoka kuma ita ce babbar ma'ajiyar sukarin jini, don haka Malam kana da buƙatarta fiye da wani. Ba sai ka shiga gidan ɗaga ƙarfe ba, kuma ba ya cin lokaci: wani nazari na 2022 da ya tattara bincike da dama ya nuna ribar ta fi fitowa a minti 30 zuwa 60 a mako gaba ɗaya.

Motsi biyar sun ishe ka. Ka zauna a kujera ka miƙe ba tare da dafa komai ba, wannan na cinya da ɗuwawu ne. Ka dafa bango ko gefen tebur mai ƙarfi ka kai ƙirji kusa ka tura kanka baya, in ya yi sauƙi ka koma ƙasa. Ka sunkuya bayanka a miƙe ka janyo jaka mai nauyi zuwa ƙugu, hannu ɗaya bayan ɗaya, don bayan kafaɗa. Ka kwanta rigingine gwiwa a lanƙwashe ka ɗaga ƙugu sama. Sai ka tsaya ka ɗage dunduniya ka sauke a hankali. Kowanne sau 8 zuwa 12, ka huta minti ɗaya ko biyu, ka maimaita, zagaye biyu ko uku. Sharaɗin shi ne biyun ƙarshe su yi maka wuya. In kana yin 15 kana murmushi, nauyin ya yi kaɗan, ka ƙara. A bar awa 48 tsakanin zama da zama, domin a lokacin hutu ne tsokar take ginuwa. Kada ka riƙe numfashi kana yunƙuri, wannan yana harba jini sama farat ɗaya. Ka fitar da iska lokacin da kake turawa ko ɗagawa.

Ga mai hawan jini akwai wani ƙari. A 2023 an tattara gwaje-gwaje 270 a kan motsa jiki da hawan jini, aka ga motsin da ake ƙamewa wuri ɗaya ya fi sauran sauke shi. Ka jingina bayanka da bango, ka zame ƙasa kamar mai zama a kujerar da babu, ka tsaya minti biyu, ka huta minti biyu, sau huɗu, kwana uku a mako. Da farko kada ka sauka sosai, rabin hanya ya isa, kuma ka ci gaba da numfashi.

Yanzu hawan. Wanda ya shekara goma a kujera kada ya fara da 150. Mako biyun farko minti 10 sau biyar, na uku da na huɗu minti 15, sai 20, sai 25, a mako na tara ka kai 30. Za ka ji kamar kana iya fin haka tun mako na uku, kuma nan ne tarkon yake. Zuciya da huhu suna sabawa cikin 'yan makonni, amma agara da guringuntsi jini kaɗan suke samu, su da ƙashi sai sun ɗauki watanni. Numfashi ya ce a ƙara, ƙafa ba ta shirya ba, sai ciwon ƙwauri, ciwon dunduniya da safe, ko gaban gwiwa. Wannan ne ma abin da yake kama masu tara komai a Asabar, musamman in gudu ne ko ƙwallo. Kada a ƙara tsawon lokaci da sauri a mako ɗaya, a zaɓi guda. Mai nauyin jiki ko mai ciwon gwiwa ya fara da keke ko iyo, su ma suna cikin lissafi.

A bambance tsami da rauni. Tsamin jiki yana zuwa washegari, ya fi tsanani tsakanin awa 24 zuwa 72, yana cikin naman tsoka, ɓangare biyu, kuma yana sassautawa in an motsa. Wannan ba komai. Ciwon da yake wuri ɗaya da za ka nuna da yatsa, ko cikin gaɓa, ko mai kumburi, ko mai ƙaruwa kana tafiya, rauni ne, a dakata. In kuwa bayan atisaye mai tsanani tsoka ta kumbura fitsari ya koma baƙi-baƙi, tsokar ce take narkewa cikin jini, tana iya taɓa ƙoda, asibiti za a nufa ranar.

Mai Aikin Zama:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Saura batun taku 10,000 da tumbin. Sannan yayana aikin ƙarfi yake yi, yana ɗaukar kaya wuni guda, ya ce shi ya gama nasa motsa jikin a wurin aiki. Haka ne?

Koci:

Taku 10,000 ba daga asibiti ya fito ba Malam, daga tallar wata na'urar ƙirga taku ne da wani kamfanin Japan ya fitar a 1965. Ba laifi ba ne a cika shi, amma ba wajibi ba ne. A 2022 an haɗa bincike 15 na mutum sama da 47,000, aka ga ribar tana ƙaruwa har zuwa taku 8,000 zuwa 10,000 ga 'yan ƙasa da shekara 60, ga waɗanda suka kai 60 kuma tana daidaita tun a 6,000 zuwa 8,000. Ka duba wayarka na mako guda ka ga nawa kake yi ba tare da ka canza komai ba. Tafiya mai sauri ta minti 30 tana ƙara kimanin 3,000 a kai. Mai yin 4,000 ya koma 7,000, kuma wannan tsallen ne ya fi daraja. Ka tuna waya ba ta ƙirga abin da ka yi tana kan tebur, ba ta kuma san keke ko iyo ba.

Tumbi kuwa, gara ka ji gaskiya tun yanzu don kada ka karaya a wata na biyu. Mai kilo 70 da ya yi tafiya mai sauri ta minti 150 yana ƙona kalori kimanin 700 a mako. Kilo ɗaya na kitse kalori kusan 7,700 ne. Ko da komai ya tafi daidai, mako goma sha ɗaya ke nan kafin kilo guda, kuma ba ya tafiya daidai, domin yunwa tana ƙaruwa, mutum kuma yakan rama gajiyar da ƙarin zama. Masu son sikeli ya motsa da motsa jiki sai sun haura minti 250 a mako, kuma ko su sai sun gyara cin abinci. Motsin ciki na kwanciya a tashi ba ya narkar da kitsen tumbi, tsokar da ke ƙarƙashinsa kawai yake ƙarfafawa. Abin da yake faruwa shi ne kitsen da ke can ciki kewaye da hanji da hanta, wanda shi ne mai haɗarin, yana raguwa ko da nauyi bai sauka ba. Don haka ka ajiye sikeli ka ɗauki tef ɗin awo, ka auna ƙugunka daidai cibiya sau ɗaya a wata, da safe kafin ka ci komai. Ana so ya kasance ƙasa da rabin tsayinka: mai tsayin santimita 170, ƙugu ƙasa da 85.

Dakta:

A kan yayanka, maganarsa tana da rabin gaskiya. Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa motsin wurin aiki da na aikin gida. Amma bincike da dama, musamman daga Denmak, sun nuna aikin ƙarfi na wuni guda ba ya ba zuciya irin ribar da motsa jikin lokacin hutu yake bayarwa. Dalilin da ake bayarwa shi ne aikin yana ɗaga bugun zuciya da jini na awanni masu yawa, a matakin da bai kai ya horar da zuciya ba, ga ɗaukar nauyi a tsaye, ga rashin isasshen hutu kafin gobe. Shi ba ƙarin ɗaga kaya yake buƙata ba. Abin da zai amfane shi minti 15 zuwa 20 ne na keke ko sassarfa mai sa haki, sau biyu ko uku a mako, a ranar da aikin ya yi sauƙi, sannan ya riƙa auna jininsa.

Kai kuma naka akasin nasa ne, awa takwas a kujera. Wani nazari na mutum sama da miliyan ɗaya da Lancet ta buga a 2016 ya nuna sai da minti 60 zuwa 75 na motsi matsakaici a rana ƙarin haɗarin dogon zama yake gushewa gaba ɗaya. Mutum kaɗan ne za su iya wannan, shi ya sa ya fi sauƙi a riƙa katse zaman. Duk minti 30 ka miƙe na minti biyu ko uku, ka taka zuwa ƙarshen baranda ka dawo, ko ka yi zama da tashin nan sau goma a gaban teburinka. In akwai bene a wurin aikin, ka hau hawa biyu ko uku da sauri sau uku a rana, ka rubuta mintocin a cikin 150 ɗinka. Bayan wata uku ka koma a sake auna jinin da sukarin, ka tafi da takardar da kake rubuta mintocin, domin da ita likitanka zai gane ko motsin ya wadatar ko sai an haɗa da magani.